Haraji a Amurka: ka biya mai cike takarda ko ka cike da kanka?

Daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu, shagunan cike takardun haraji a unguwanni irin su Bronx ta birnin Niyok ba sa rabuwa da layi. Mutanenmu da suka zo daga Kumasi, Yamai, Zinder ko Kano suna shiga da ambulan a hannu, su fito sun biya dala ɗari biyu ko uku. Wasu kuɗin nan ya yi musu amfani. Wasu kuwa, da yawa ma, sun biya ne a kan aikin da doka ta tanadi a yi musu kyauta.

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe: a dokar Amurka babu wanda aka tilasta wa ɗaukar mai cike masa takarda. Kuma ko wa ya cike, alhakin abin da ke ciki yana wuyanka. A ƙasan fom 1040, wato babbar takardar harajin kuɗin shiga, akwai wurin sa hannu, kuma sa hannun nan rantsuwa ce cewa ka duba, abin da aka rubuta gaskiya ne. Idan aka gano kuskure bayan shekara biyu, wasiƙar hukumar haraji ta IRS gidanka za ta zo, kai za ka biya cikon harajin da kuɗin ruwansa. Idan kuma aka ga sakaci ne, ana iya ƙara maka tarar kashi 20 cikin ɗari na abin da ka rage.

To nawa ake caji? Wani binciken ƙungiyar akantoci ta National Society of Accountants na 2021 ya nuna matsakaicin farashin cike 1040 mara sarƙaƙiya dala 220 ne, idan kuma za a lissafo kashe-kashen da ake cirewa ɗaya bayan ɗaya ya kai dala 323. Takardar mai sana'ar kansa, Schedule C, kuɗinta daban. Tun daga lokacin farashi hawa yake yi. Sannan tun 2018 ma'aikacin albashi ba ya iya cire wannan kuɗin daga abin da za a sa masa haraji. Mai sana'ar kansa ne kawai yake cire ɓangaren da ya shafi kasuwancinsa.

Ɗauki matar da ke aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kamfani ɗaya take yi wa aiki, a ƙarshen Janairu an ba ta takardar W-2 guda ɗaya, wadda ke nuna albashinta na shekara da harajin da aka cire. An riga an cire harajinta daga albashi duk wata. Ba ta da gida nata, ba ta da hannun jari. Takardarta ba ta wuce kwafe lambobi daga akwati zuwa akwati ba, a cire mata adadin da doka ta yafe wa kowa, wanda a kuɗin shigar 2025 ya kai dala 15,750 ga mutum ɗaya, dala 31,500 ga ma'auratan da suka cike tare. Wannan baiwar Allah ba ta da dalilin biyan dala 250. Ina jin zafin ganin irinta a layin nan, domin kuɗin ya kai ladan kwana biyu tana ɗaga tsoho tana kwantarwa.

Hanyoyi biyu ne a buɗe gare ta. Akwai shirin Free File, inda kamfanonin manhaja ke ba da damar cikewa kyauta ta shafin IRS ga wanda kuɗin shigarsa bai wuce wani adadi ba. A kakar 2025 adadin dala 84,000 ne, kuma yana canzawa duk shekara. Sharaɗin shi ne ka shiga ta shafin hukumar. Idan ka shiga kai tsaye ta shafin kamfanin, sai ka tsinci kanka a tsarin biya. Ka kuma duba ko harajin jiha yana cikin kyautar, don wasu na tarayya kawai suke yafewa. Wanda kwamfuta ke ba shi tsoro, akwai shirin VITA: 'yan sa-kai da hukumar ta jarraba suna zama a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa, su cike maka gaba da gaba ba ko sisi, idan abin da kake samu bai haura kusan dala 67,000 ba a lissafin 2025, ko Turanci yana maka wuya. 'Yan shekara 60 zuwa sama suna da nasu shirin.

Lissafi yana sauyawa ga direban Uber, mai kai abinci, mai kitso, mai ɗinki, duk wanda ake ba 1099, takardar da ke nuna abin da aka biya wanda ba ma'aikacin albashi ba, ko yake karɓar kuɗi a hannu. Babu wanda ya cire masa komai. Da zarar ribarsa ta kai dala 400 a shekara, dole ya cike takarda, ya biya harajin mai sana'ar kansa na kashi 15.3 cikin ɗari, ban da harajin kuɗin shiga. A nan ne sanin doka yake zama kuɗi. A 2025 an yarda direba ya cire santi 70 a kan kowane mil da ya yi don aiki. Mil 20,000 ya zama dala 14,000 da ba za a sa wa haraji ba, amma sai da rubutaccen lissafin tafiyar, kwanan wata da nisa. Akanta nagari zai tambaye ka wannan littafin tun kafin ka zauna, ya kuma nuna maka yadda ake biya sau huɗu a shekara don kada Afrilu ta riske ka da bashin da ba ka shirya masa ba. Biyan irin wannan akanta dala 400 ba asara ba ce.

Akwai kuma abubuwa biyu da suka fi shafar mu masu ƙafa ɗaya a gida. Wanda ke da takardar zama ta dindindin ko ɗan ƙasa, Amurka tana sa haraji a kan abin da ya samu ko'ina a duniya, har kuɗin hayar gidan da ya gina a Kano. Idan jimillar kuɗin da ke asusunsa na bankunan waje ta haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne a shekarar, wajibi ne ya aika rahoton FBAR. Aikawar kyauta ce ta intanet, amma tarar mantuwa kaɗai tana iya haura dala 10,000. Na biyu, mahaifiyar da kake aika wa kuɗi a Maraɗi, duk da kai ke ciyar da ita, doka ba ta yarda ka sa ta cikin waɗanda ke ƙarƙashinka ba, sai in 'yar ƙasa ce, ko mazauniyar Amurka, Kanada ko Meziko.

Wannan ce ƙofar da 'yan damfara ke shigowa. Za ka ji an ce wane ya iya aiki, yana fito da kuɗi da yawa. Sai ya ƙara maka yaran da ba sa gidanka, ya ƙirƙiro asarar kasuwancin da ba ka yi ba, ya yanki rabonsa daga kuɗin da IRS ta maido maka, sannan ya ƙi sa sunansa a takardar. Duk wanda ke karɓar kuɗi don cike haraji, dole ya kasance da lambar PTIN, lambar da IRS ke ba masu cike haraji, ya rubuta ta, ya sa hannu. Wanda ya ƙi, ka tattara takardunka ka fita, ko da ɗan garinku ne, ko da sahu ɗaya kuke a masallaci. Kada ka sa hannu a fom da ba a cike ba, kuma kuɗin da za a maido su shiga asusunka kai kaɗai. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, yana tambaya ko ana bin ka bashin haraji, don haka ƙaryar yau tana iya taso maka a gaban jami'in shige da fice. Ka kuma tambayi wanda za ka biya ko shi CPA ne, wato akanta mai lasisi, ko lauya, ko wakili mai rajista da IRS, domin su ukun nan ne ke da cikakken izinin tsaya maka idan aka kira ka bincike.

Idan lokaci ya ƙure ba ka yanke shawara ba, fom 4868 yana ɗage maka cikewa zuwa 15 ga Oktoba, amma ba ya ɗage biya. Tarar ƙin cikewa kashi 5 ne a wata har zuwa kashi 25, ta jinkirin biya kuwa rabin kashi ɗaya ne a wata. Wanda ake bi dala 4,000 ya yi shiru, dala 200 ke hawa kansa duk wata. Ko ba ka da kuɗin biya, ka aika takardar a kan lokaci, sannan ka nemi a tsara maka biya kaɗan-kaɗan.