Me ya sa masu digiri a China ke rububin aikin gwamnati?

Yaya girman rububin yake?

A ƙarshen 2023, kusan mutum miliyan 3 aka tantance domin zana jarrabawar shiga aikin gwamnatin tsakiya da ake kira guokao, alhali guraben ba su kai 40,000 ba. A 2024 kuma manyan makarantun ƙasar suka yaye ɗalibai kusan miliyan 11.8.

Al'ada ce ke jan su ko matsin tattalin arziki?

Duka biyun, amma al'adar ta riga matsin. Tun zamanin daular Sui har zuwa 1905, shekara kimanin 1,300, ta hanyar jarrabawa ake zama jami'in sarki, kuma wanda ya ci ya fitar da zuriyarsa kunya. Wannan kima ba ta gushe ba. Sai kasuwa ta ƙara ingiza su. A 2021 gwamnati ta takura kamfanonin darasin bayan makaranta, malamai da yawa suka rasa aiki. A Yunin 2023 rashin aikin yi tsakanin matasan birane ya kai kashi 21.3 cikin ɗari. Wanda ya ga ɗan uwansa yana aiki daga tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako, a kamfanin fasaha, sannan aka sallame shi, ba sai an roƙe shi ya nemi albashi mai tabbas da fansho ba.

Ina ruwan iyaye?

Nan ne gizo ke saƙa. Dokar haihuwar ɗa ɗaya, daga 1980 zuwa 2015, ta bar matasa da dama su kaɗai da uwa da uba da kakanni huɗu. Mutanen nan sun ƙarar da abin hannunsu kan karatun yaron, kuma tarbiyyar Konfushiyas, malamin falsafar China na zamanin da, ta ɗora masa kula da su a tsufa. Ranar bikin sabuwar shekara ana zaune ana cin abinci, goggo za ta tambaye shi inda yake aiki, daga nan ta gangara kan aure. Ni ban ga laifin yaron da ya ajiye burinsa a irin wannan hali ba, ko da yake abin na da ciwo.

Takwarorinsu na Amurka fa?

Su ana tasowa da su a kan cewa kowa ya bi abin da ransa ke so, sauya wurin aiki kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai bashin karatun jami'a kan tura da yawansu inda albashi ya fi tsoka.