Me ake nufi da maikrotubul, kuma me ya haɗa shi da kemo?

Masu jinyar ciwon daji a asibitin koyarwa na Gombe ko na Bauchi za su ga an rubuta musu maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, irin su Vincristine ko Paclitaxel a kati, a saka a ruwa a ɗaura wa mara lafiya, amma da wuya ka samu wanda aka zaunar aka yi masa bayanin me maganin yake yi a jiki. Toh duka biyun abu ɗaya suke kai wa hari, shi ne maikrotubul.

Maikrotubul wasu siraran bututu ne a cikin ƙwayar halittar jiki, kaurinsu nanomita 25 kacal (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), an gina su da furotin mai suna tubulin. Kullum cikin tsawo da gajarta suke. Idan ƙwaya za ta rabu biyu su ne ke kama kromosom, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado na halitta, su ja rabi nan rabi can, kamar igiyar guga da ake saki ake janyowa. Ita kuma ƙwayar kansa, wato ciwon daji, ba ta da aiki sai rabuwa ba ƙaƙƙautawa, don haka in ka hana igiyar nan motsi ƙwayar sai ta maƙale a tsakiyar rabuwa ta mutu.

Vincristine da Vinblastine hana bututun ginuwa suke yi. Daga wani fure ɗan asalin Madagaska aka samo su, irin mai ruwan hoda ko fari ɗin nan da ake shukawa a ƙofar gidaje da ofisoshi don ado, kuma fa maganin ciwon suga masu bincike Robert Noble da Charles Beer suke nema a Kanada, sai suka lura ruwan ganyen yana karya fararen ƙwayoyin jinin ɓeraye, a 1958 suka bayyana Vinblastine. Vincristine ya samu amincewa a Amurka a 1963, har yau yana cikin magungunan sankarar jinin yara da ciwon Burkitt mai kumbura wa yaranmu muƙamuƙi.

Paclitaxel shi akasin haka yake, ƙanƙame bututun yake yi ya hana shi warwarewa. Daga ɓawon wata bishiya a yammacin Amurka aka ciro shi, Monroe Wall da Mansukh Wani suka fitar da tsarinsa a 1971, Susan Horwitz ta gano yadda yake aiki a 1979, amma sai 1992 aka yarda a fara ba masu kansar ƙwan mace, yanzu kam har sankarar mama ana ba da shi.

Abin da ke damuna shi ne mutane na ganin gashi ya zube sai a ce maganin ya fi ciwon illa, a ɗauke mara lafiya a koma gida. Wallahi ina tausayin mai shan wahalar nan, amma tushen gashi da ɓargo su ma masu saurin rabuwa ne shi ya sa abin ke shafarsu, kuma galibi gashi yana dawowa. Jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki ma da maikrotubul suke aiki, daga nan ne ake jin yatsu sun yi sanyi ko suna tsikari, wani ma ɓalla maɓallin riga ya gagare shi, ga bushewar ciki. Wannan kam a gaya wa likita da wuri don yana iya rage awon.

Kuma don Allah kar wani ya ji an ce daga fure ne ya je ya dafa ganyen ya sha, ganyen na da guba, sinadarin da ke ciki kuma ɗan mitsitsi ne sai an tace ganye mai ɗimbin yawa. Vincristine ma ta jijiyar jini kaɗai ake ba da shi, in aka yi kuskuren zuba shi a ruwan laka kisa yake yi.