Jiran gawon shanu: tarihin takaicin masu manyan kwamfutocin aiki

Akwai kwamfutar da ake saya don buga wasiƙa da leƙa Facebook, akwai kuma wadda ake saya don ta ci da gida. Ta biyun ce ake gani a shagon mai tace bidiyon biki da na tafsirin azumi, da ofishin mai zanen gine-gine, da ɗakin haɗa sauti, da wajen masu buga fosta da kalanda. Masu irin wannan sana'a a Sakkwato ba su kai na Kano ko Legas yawa ba, amma kukansu iri ɗaya ne da na takwarorinsu ko'ina a duniya. Na'urar da ke hannu ta gaji, wadda ake jira ta ƙi fitowa, ranar da ta fito kuma sai a tarar kuɗinta ya fi ƙarfin aljihu, ko an rufe ta ruf yadda ba a iya ƙara mata komai.

Wanda ke son ganin inda wannan takaici ya samo asali, ya dubi tarihin Mac Pro ta kamfanin Apple, don a nan ne abin ya kai har kamfanin da kansa ya fito ya ba da haƙuri.

A watan Agustan 2006 aka fito da Mac Pro ta farko. Babban akwatin alminiyom ne mai hannuwa a sama, ana zare murfinsa na gefe ba tare da sukudireba ba. A ciki akwai gurbin rumbun ajiya huɗu, da gurabun RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita), da wuraren soka katin hoto (ɓangaren da ke sarrafa hoto da bidiyo) da sauran katuna. Wannan shi ne abin da ya saye zuciyar masu sana'a. Mutum zai saya gwargwadon ƙarfinsa bana, baɗi in ciniki ya yi kyau ya ƙara RAM, bayan shekara biyu ya sauya katin hoto, akwatin na nan daram. Kusan kowace shekara kamfanin na sabunta ta har zuwa 2010. Daga nan sai shiru.

A watan Yunin 2012 aka ɗan taɓa ta, taɓawar da ba ta kai a kira ta sabuntawa ba. Babu USB 3, babu mahaɗar Thunderbolt, alhali ƙananan laftof na kamfanin suna da waɗannan mahaɗai masu sauri. Masu tace fim dama suna cike, domin a 2011 an sauya musu manhajar Final Cut Pro da wata sabuwa da ta zo ba tare da abubuwa da dama da suka dogara da su ba. Ƙorafi ya yi yawa har shugaban kamfanin, Tim Cook, ya amsa wasiƙar wani mai saye yana cewa suna shirya wani abu mai kyau da zai zo a shekara mai zuwa. Kafin shekarar ta yi nisa ma, a watan Maris na 2013, aka daina sayar da tsohuwar a ƙasashen Tarayyar Turai, saboda ba ta cika sabon sharaɗin kare lafiyar masu amfani da kayan lantarki ba, kuma kamfanin bai ga dalilin gyara ta ba.

Abin da aka yi alkawari ya iso a watan Disambar 2013, a kan dala 2,999. Baƙin silinda ne mai sheƙi, tsawonsa bai wuce santimita 25 ba sosai, mutane suka laƙaba masa kwandon shara. Kyau kam yana da shi. Katin hoto biyu aka saka masa na kamfanin AMD, da fanka ɗaya tal da ke zuƙo iska daga ƙasa ta fitar ta sama. Sai dai katunan an ƙera su ne musamman don wannan jiki, ba a sayar da irinsu a kasuwa, kuma babu gurbin soka wani. Ban da RAM, kusan duk abin da mutum ke son ƙarawa sai dai ya jona ta waje da waya. Apple ya yi hasashen cewa manhajoji za su koma raba aiki tsakanin katuna biyu matsakaita. Duniya kuwa sai ta nufi kati ɗaya babba mai cin wuta da fitar da zafi, wanda wannan ɗan jiki ba zai iya sanyaya shi ba.

Sama da shekara uku aka yi ana sayar da na'ura ɗaya a farashi ɗaya, ba a sauya mata ko ƙusa ba. A ganina wannan ne wuri mafi muni a tarihin gaba ɗaya, kuma shirun ya fi jinkirin ciwo. Mai sana'a na iya haƙuri in an ce masa wata kaza kaya za su zo. Abin da ba ya iya ɗauka shi ne rashin sanin ko za su zo ɗin ma. In ya sayi tsohon yayi da cikakken kuɗi, gobe sabo na iya fitowa. In ya jira, aiki na wuce shi. In ya koma Windows, sai ya sake sayen manhajoji ya sake koyon hannu. Gaba kura, baya sayaki.

A watan Afrilun 2017 manyan jami'an kamfanin, Phil Schiller da Craig Federighi da John Ternus, suka tara 'yan jarida ƙalilan suka amsa cewa ƙirar 2013 ta ƙure su ta fuskar zafi, suka ba da haƙuri, suka ce suna sake wata daga tushe. Ba kasafai Apple ke irin wannan magana ba. Amma haƙurin bai zo da kaya ba. Aka fito da iMac Pro, kwamfutar da ke haɗe da allonta, a ƙarshen wannan shekara don rage zafin jira, a 2018 aka ce sai 2019, sannan a watan Disambar 2019, shekara shida cif bayan silindan, sabuwar Mac Pro ta shiga kasuwa. An dawo da akwatin da ake buɗewa, da gurabun katuna takwas, da RAM da ke iya kaiwa terabait 1.5. Farashin ya fara daga dala 5,999, wanda ya cika ta maƙil kuwa zai biya sama da dala 50,000. Tayoyin da ake saka mata a ƙasa kaɗai dala 400 ne.

Wata shida da fitowarta, a watan Yunin 2020, kamfanin ya sanar da cewa zai bar injinan Intel, wato furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya koma ƙera nasa, kuma cikin shekara biyu zai kammala. Waɗanda suka zuba dukiya a na'urar 2019 suka wayi gari da sanin cewa an riga an yanke mata wa'adi. Mac Pro ce ta ƙarshe da aka sauya, sai a watan Yunin 2023, shekara guda bayan cikar wa'adin. Ta zo da injin M2 Ultra a kan dala 6,999. RAM ɗinta ba ya wuce gigabait 192, a manne yake da injin, ba a ƙarawa. Gurabun katuna suna nan, amma ba sa karɓar katin hoto. Mac Studio, ƙaramar da aka fara fitarwa a 2022, tana da inji iri ɗaya a kan dala 3,999. Da aka sabunta Mac Studio a watan Maris na 2025, sai aka tsallake babbar aka bar ta da injin 2023.

Ɓangaren Windows ma bai tsira ba, sai dai nasa ya zo da sauƙi don hanya ba ɗaya ba ce. Intel ya maƙale a fasahar ƙira ta nanomita 14 tun daga 2014, yana ta fitar da injina masu sabon suna da ɗan bambanci kaɗan har zuwa 2021. AMD ne ya motsa kasuwar da injin Threadripper a 2017, ya kai ga inji mai ƙwayoyi 64, wato sassa 64 masu aiki a lokaci guda, a 2020. Daga ƙarshen 2020 kuma katin hoto ya yi ɓatan dabo saboda annobar korona da masu haƙar kuɗin kirifto da ke kwashe shi, bai dawo hayyacinsa ba sai a 2022.

To ina ruwan mutumin Sakkwato da wannan rigima, tunda da wuya ka ga wanda ya sayi ɗaya daga cikin waɗannan sabuwa fil? Ruwansa babba ne, don mu jiranmu hawa biyu ne. Yawancin manyan kwamfutocin da ke aiki a garin nan na hannu ne. Kamfanoni a Turai da Amurka ke amfani da su na wasu shekaru su sauke, 'yan kasuwa su kwaso zuwa kasuwar kwamfuta ta Ikeja, daga can su biyo mota zuwa Kano ko kai tsaye nan. In can ba a fitar da sabuwa ba, ba mai sakin tsohuwarsa, kasuwar ta hannu sai ta bushe, abin da ya rage kuma ya riƙe farashinsa. Jinkirin shekara uku a Kalifoniya, inda hedikwatar Apple take, sai ya zama na bakwai ko takwas kafin ya huce a bakin Rima.

Ana cikin jiran kuma naira na zubewa. Lokacin da silindan ya fito, dala tana wajen naira 160, ke nan kuɗinsa bai kai naira dubu 500 ba. A ƙarshen 2019 dala na wajen naira 360, Mac Pro mafi arha ta haura miliyan biyu. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dala ta kai naira 1,500 a farkon 2024, sai ga na'urar dala 6,999 ta haye miliyan goma, ban da kuɗin dako da na kwastan. Matashin da ya shiga adashi don ya sauya kwamfuta yakan kwashi kuɗinsa ya tarar abin da ya tara bai kai rabin sabon farashi ba. Bature yana jira ne da kuɗinsa a banki suna nan yadda ya ajiye su. Namu kuɗin narkewa suke yi muna kallo.

Sai batun gari. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato na wuce digiri 40, da hunturu kuma ƙura ce ke shiga ko'ina. Tsohuwar babbar kwamfuta mai cin wuta sosai, a shagon da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Bidiyon da ya kamata ya fita cikin awa ɗaya sai ya ci uku, in aka ɗauke wuta a tsakiya kuma babu inbata, a koma farko. Ga man janareta da ya ninka tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Uwar amarya na bugo waya tana cewa, "Malam, yau ma ba a gama ba?" Ba ta san wani abu wai shi jinkirin kamfani ba, mai shagon ta sani, shi ne kuma sunansa ke ɓaci. Dole a faɗi gaskiya a nan, sababbin injinan Apple ba su da cin wuta, ƙaramar sola ma na iya riƙe su, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki a garinmu. Shi ya sa abin ya fi ciwo, don na'urar da ta fi dacewa da wutarmu ita ce wadda ba a iya buɗewa a ƙara mata ƙarfi, ita ce kuma in ta samu matsala mai gyara na unguwa ba shi da ta cewa.

Abin da ya rufa wa mutane asiri tsawon shekarun nan shi ne tsofaffin akwatunan da ake buɗewa, irin su HP Z440 da Z840 da Dell Precision na wajen 2014, da ma Mac Pro ta 2010 da 2012 da har yanzu wasu ke lallaɓawa. A hure ƙura, a sauya man da ke kan inji, a saka rumbun SSD, a nemo katin hoto na hannu, aiki ya ci gaba. Yanzu su ma ƙasa na zame musu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar injinan wancan zamani, sai dai a bi ta bayan gida. A ɓangaren Apple, silindan 2013 ya tsaya a macOS Monterey, wani zubi na babbar manhajar da ke tafiyar da Mac, kuma kamfanin ya sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe ga duk wata Mac mai injin Intel, har da waccan ta dala 50,000. Sababbin manhajojin tace bidiyo da zane kuwa sabon tsari suke bi, a hankali suna juya wa tsoho baya. Kamar wannan bai isa ba, a ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira na kwashe abin da masana'antu ke fitarwa, ƙarin RAM ɗin da shi ne gyara mafi arha ya zama abin lissafi.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan da za su iso mana nan da shekara huɗu ko biyar, domin su ne ake sayarwa sababbi a can yau. Na HP da Dell da Lenovo har yanzu ana buɗe su, kuma ina sa ran su ne za su ci gaba da riƙe shagunan Sakkwato. Na Apple kuwa za su zo ne da RAM ɗin da mai su na farko ya zaɓa ranar da ya saya. Wanda ya sayi mai gigabait 32 a hannun ɗan kasuwa, da gigabait 32 zai zauna har ranar da zai sayar.