Waiwaye: Wa zai yi magana da wa a taron manhajoji?

Masu haɗa manhajojin ƙirƙirarriyar basira na ta ja-in-ja: a tara wakilai da yawa, wato manhajojin da ke gudanar da aiki da kansu, su yi aiki tare, ko a bar wa guda ɗaya? Wasu na cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Wasu kuwa sun ce taron tsintsiya ne ba shara, saƙo ya yi ta kai-komo, kuɗi na ƙonewa, kuskuren ɗaya ya shafi kowa. Wannan gardama ba yau aka fara ta ba.

Duk mai ba da tarihin wannan fanni yakan fara da masanin lissafi Leonhard Euler da gadoji bakwai na Königsberg a 1736, inda aka koyi mayar da matsala ɗigo da layi. Daga nan sai ya dira 1980, lokacin da Reid Smith ya tsara yadda manhaja za ta yi shelar aiki, sauran su yi tayi kamar 'yan kwangila.

Abin da ake tsallakewa ya faru ne a jami'ar MIT ta Amurka, kuma da mutane aka yi shi, ba kwamfuta ba. Alex Bavelas ne ya ɗora tambayar yadda tsarin wa ke magana da wa ke shafar aikin rukuni, Harold Leavitt ya wallafa gwajinsa a 1951. Mutum biyar a teburi ɗaya, an gitta allo a tsakaninsu, ba mai ganin wani, sai 'yar kafa ta tura takarda. Kowa na riƙe da kati mai alamomi biyar cikin shida, a gano wadda kowa ke da ita. Aikin bai canza ba, kafofin kawai ake buɗewa ko toshewa: da'ira, sarƙa, siffar Y, da ƙafar keke, inda huɗu ke bi ta hannun na tsakiya.

Ƙafar keke ta gama da saƙonni kaɗan. 'Yan da'ira sun sha rubutu da kurakurai, amma sun fi jin daɗin aikin, abin mamaki. A 1964 Marvin Shaw ya tattara gwaje-gwajen da suka biyo baya, ya nuna cewa idan aiki ya yi sarƙaƙiya, kaya kan yi wa na tsakiya yawa, tsarin da ba shi da uban tafiya ya wuce shi.

A ganina nan masu haɗa manhajoji suka yi sake. An ɗauka yawan wakilai ne magani, aka bar kowa yana magana da kowa. Wakilai 10 layin sadarwa 45 ke nan a tsakaninsu, 50 kuwa 1,225. Sai ga masu bincike a 2024 suna fitar da dabarun datse layukan da ba su da amfani, wato toshe kafofin da Leavitt ya toshe da hannu sama da shekara 70 kafin nan.