Wace Taya Ta Dace Da A-kori-kurar Da Ke Jan Kaya? Tambayoyi Da Amsoshi

Duk mai bin hanyar Katsina zuwa Daura ta Mashi a watannin bazara ya saba ganin ɓawon taya a yashe gefen kwalta, wayoyi sun yi cirko-cirko. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa, kuma motar da ta fi jin jiki ita ce a-kori-kurar da aka laftawa kaya a bodi aka kuma ɗaura mata tirela a baya. Ga amsoshin tambayoyin da masu Hilux da Land Cruiser suka fi yi idan lokacin sauya taya ya zo, musamman masu jan tankin ruwa, injin casa, janareta ko motar da ta mutu a hanya.

Malam, ba girman taya kawai zan faɗa wa mai shago ya ba ni ba?

Girma rabin zance ne. Durƙusa ka karanta abin da ke rubuce a gefen tayarka. A Hilux da yawa za ka ga 265/65R17 112S. Lamba 265 faɗin tayar ne da milimita, 65 tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin 100 na faɗin, 17 kuma girman rim ne da inci. Yawancin masu saye a nan suke tsayawa, alhali abin da ya shafi mai jan kaya yana gaba: 112 ɗin nan. Ita ce lambar lodi, kuma tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 1,120. Lamba 104 kilo 900 ce, 108 kilo 1,000, 110 kilo 1,060, 116 kilo 1,250, 120 kilo 1,400, 121 kuma kilo 1,450. Harafin ƙarshe na gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190.

Taya biyu za su iya zama girma ɗaya, su hau rim ɗaya, amma tsakaninsu akwai bambancin kilo 300 ko fiye. Idan ka buɗe ƙofar direba akwai takarda manne a jikin ginshiƙi, kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta girman taya da lambar lodi da yawan iska. Kada ka sauka ƙasa da lambar da ke wurin, ko da mai shago ya rantse maka ƙaramar ta fi ƙwari.

Ana ce mini wannan filai takwas ce, waccan filai goma. Mene ne gaskiyar lamarin?

A zamanin da ake yin taya da zaren auduga, shimfiɗar zare ake ƙirgawa. Yanzu da waya da zaren roba ake yi, don haka 8PR ko 10PR da ke gefen taya, wato filai takwas ko filai goma, ma'aunin ƙarfi ne kawai, ba wai idan ka yanka za ka ƙirga shimfiɗa goma ba. Abin da za ka nema shi ne harafin da ke nuna tayar aiki ce. Ko dai LT a farkon girman, kamar LT245/75R16, ko C a ƙarshensa, kamar 205R16C ko 195R15C. Tsofaffin Land Cruiser masu bodi kuma 7.50R16 suka saba sawa. A tsarin LT, ajin C (daban yake da C ɗin ƙarshen girma) filai 6 ne kuma galibi yana cika ƙarfinsa a iska 50, ajin D filai 8 a 65, ajin E filai 10 a 80, da ma'aunin psi ɗin da ke gejin mai faci.

Irin waɗannan tayoyi lambar lodi biyu suke zuwa da ita, misali 120/116. Ta farko idan taya ɗaya ce a kowane gefe, ta biyu idan tagwaye ne a baya. Taka ta farko ce, sai fa idan motarka mai ƙafa shida ce.

Tayar da babu LT babu C, ta motar shiga ce, ko da ƙatuwa ce. Gefenta yana da taushi don jin daɗin zama, kuma wannan taushin ne ke sa tirela ta riƙa lilo da bayan mota. A ƙa'idar Amurka ma, idan aka sa irinta a motar ɗaukar kaya, sai an raba nauyin da ke jikinta da 1.1 kafin a yarda da shi. Mai lamba 112 ta koma kilo 1,018 ke nan. Ni dai a ganina, duk motar da jan tirela ya zama aikinta na kullum, C ko LT ce tayarta.

To ta yaya zan san nauyin da ke kan ƙafafun baya?

Mafi inganci shi ne ka hau sikelin mota da lodinka da tirelarka, a auna ƙafafun baya su kaɗai. Idan hakan bai samu ba, ɗauki biro. Mu ƙaddara ƙafafun bayan motarka na ɗauke da kilo 900 babu komai a bodi. Ka zuba buhun taki 10, kowane kilo 50, an samu 500. Ka ɗaura tirela mai tankin ruwa lita 2,000, ruwan kaɗai kilo 2,000 ne, mu ce ƙarfen tirelar da tankin 500. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela ya danna kan ƙugiya, wato kilo 250, muddin bai wuce abin da littafin motarka ya yarda ba. Da yake ƙugiyar tana can bayan ƙafafun baya, sai ta ɗage gaban mota kaɗan ta juye nauyin a baya, abin da ƙafafun baya za su ji ya haura kilo 300. Jimilla ka wuce 1,700 tun yaran mota ba su hau ba. Kowace taya tana ɗauke da sama da kilo 850.

Yanzu duba: tayar motar shiga mai lamba 104, bayan an raba da 1.1, kilo 818 take iya ɗauka. Ka riga ka wuce ƙarfinta kana tsaye a ƙofar gida, ba ka faɗa rami ko ɗaya ba. Mai lamba 110 da harafin C tana da sauran sarari na kusan kilo 200. Wannan sararin shi kake saye da kuɗinka, don a hanyar kasuwar Mai'aduwa ko ta gonakin Sandamu lodi ba ya zama daidai a kan ƙafa biyu, kullum gefe ɗaya ya fi shan wuya.

Idan na sa filai goma, zan iya ƙara lodi ke nan?

A'a. Taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa birki ƙarfi, ba ta ƙara wa sifirin, ba ta ƙara wa rim. Hilux kusan tan ɗaya take ɗauka, kuma cikin tan ɗayan har da mutane da nauyin da ke kan ƙugiya. Sababbin samfura wasu an yarda su ja har kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar tana da birkinta. Marar birki iyakarta kilo 750, kuma yawancin tirelolin da masu walda ke haɗa mana ba su da birki. Wannan ya kamata ya hana mu gudu.

Iska nawa zan sa? Mai facin unguwarmu 40 yake sa wa kowa.

Nan ne aka fi yin asara. Iska ce ke ɗaukar lodi, taya riƙe iskar kawai take yi. Kilo 1,400 ɗin da lamba 120 ke nufi ba ya samuwa sai da cikakkiyar iskar da aka rubuta a gefen tayar. Ka sa mata 40, ƙarfinta ya sauka sosai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tayar LT ta fi tayar motar shiga buƙatar iska kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. Wanda ya sauya zuwa LT ya ci gaba da sa 30 ɗin da ya saba, ya kashe kuɗi ya sayi abin da zai fi saurin ɗaukar zafi.

Ga yadda abin ke faruwa. Idan iska ta gaza, gefen taya yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, kamar wayar da kake lanƙwasawa da hannu har ta yi zafi ta karye. Zafin nan yana haɗuwa da na kwalta, roba ta fara rabuwa da waya daga ciki inda ido ba ya gani, wata rana ana tsakar gudu sai zanen ya salube gaba ɗaya.

Fara da adadin iskar cikakken lodi da ke kan takardar ƙofa. Idan ka sauya zuwa LT, kamfanonin taya suna da jadawalin lodi da iska na kowane girma, ka nemi dila ya duba maka ko ka duba a intanet. Lambar iskar da ke gefen taya iyaka ce, ba dole ne ka kai ta ba, kuma kafin ka haura 65 ka tabbata rim ɗinka zai ɗauka, a kuma sauya bawul, don bawul ɗin roba da aka saba sawa iyakarsa ke nan.

A auna da sassafe kafin a motsa, ko bayan mota ta huta awa uku. Idan ka iso Daura da azahar ka ga geji ya ƙaru da 4 ko 5, haka ya kamata ya yi, kada ka sace iskar. Na sha ganin direba ya tsaya ƙarƙashin darbejiya yana danna bawul da tsinken ashana wai don kada taya ta fashe, alhali fashewar yake jawowa. Ka kuma sayi gejinka ka ajiye a mota, don bugun taya da ƙarfe ba ya nuna bambancin 45 da 60. Wanda ya rage iska don ya fita daga rairayi, ya mayar da ita kafin ya hau kwalta.

Wane zane ya fi?

Ya danganta da inda kake kwana kake tashi. Mai H/T ta kwalta ce: ba ta da ƙara, ba ta shan mai, kuma ta fi natsuwa da tirela. Idan aikinka tsakanin Katsina da Kano ne ko Funtuwa, ita ce taka. Mai A/T tana iya kwalta tana iya burji, gefenta kuma ya fi jure ƙayar aduwa da kututturen dawa, shi ya sa na fi ba masu shiga gona da ƙauyuka shawararta. Mai M/T, mai manyan haƙora, ta taɓo ce. Tana da kwarjini a ido, amma a kwalta tana kuka, tana saurin cinyewa, birkinta kuma ba ya kamawa sosai idan an yi ruwa. Damina a nan 'yan watanni ce, ban ga dalilin jan tirela da ita shekara guda cur ba.

Sabuwa ta yi tsada. Me zai hana in sayi ta gwanjo mai sauran zane?

Na san halin da ake ciki. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, kasuwar taya ta koma hannun masu shigowa da ita daga waje, farashinta yana bin dala. Duk da haka, a ƙafar da ke jan tan biyu, araha ba ta ado. Tsofaffin tayoyi irin na a-kori-kura suna cikin jerin kayan da kwastam ta haramta shigowa da su, kuma ba ka san ramin da ta faɗa ba a hannun mai ita na farko. Da yawa cikinsu ma na ƙasashen sanyi ne. Idan ka ga hoton tsauni mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, kuma zanen cike da ƙananan tsage-tsage, ka yi hattara, galibi robarta mai taushi ce da aka yi don hunturun Turai.

Ko sabuwa ce, duba ranar haihuwarta. Nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 1824 na nufin mako na 18 na 2024. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha nanata cewa shekara huɗu ne wa'adin taya daga ranar da aka yi ta. Kamfanonin taya sukan ba da tazarar da ta fi haka, amma da irin ranarmu da irin lodinmu, gara ka kusanci maganar hukumar. Idan ka ga an goge wurin lambar ko an kankare, ajiye musu kayansu. Sa hannu ka shafa bakin da ke zama kan rim: idan ya tanƙware, mai yiwuwa cusa tayoyi aka yi cikin juna a kwantena don rage kuɗin dako, abin da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta daɗe tana kamawa. Wadda kuma ta shekara a ƙofar shago rana na dukanta, za ka ga ta yi fari-fari da 'yan tsage a gefe.

Kuɗina na biyu ne kawai. Gaba zan sa ko baya?

Baya. Can lodin yake, kuma idan baya ya ƙwace da tirela a ɗaure, sitiyari ba zai cece ka ba. Biyun su zama iri ɗaya, girma ɗaya, lambar lodi ɗaya. Idan na gaba sun suɗe har zanen ya kusa milimita 1.6, wato ya yi daidai da 'yan tudun da ke cikin kwarin zanen, to ajiye tirelar har kuɗi su cika. Mota mai jan ƙafa huɗu kuma tana son tayoyinta huɗu su zama tsayi ɗaya. Safaya ma ta kasance mai iya ɗaukar lodin.

Ina sha'awar manyan tayoyi, motar ta fi kyau da su.

Tana yin kyau, amma ƙarfin ja yana raguwa, kuloci yana wahala wajen tashi da lodi, birki yana ƙara nisa, maleji kuma ya riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi. Mai jan kaya ya tsaya a girman da kamfani ya sa.

Ita tirelar fa?

Galibi ita ake jefa wa tayoyin da mota ta gama da su, kuma kashi 90 cikin 100 na nauyinta a kansu yake. A misalinmu na tankin ruwa, kilo 2,250 ne a kan taya biyu idan tirelar mai ƙafa biyu ce, kowace 1,125. Ko sabuwar 110 ba ta isa ba, sai 116 zuwa sama, ko a yi wa tirelar ƙafa huɗu. Tayar tirela ba kasafai take suɗewa ba, tsufa da rana ne ke kashe ta, musamman injin casa da ke ajiye daga kaka zuwa kaka. Kafin a fito da shi bana, a duba lambar DOT, a duba tsagewa da kumburi a gefen ciki da na waje, a sa iska da geji. Tayar da ta kumbura a gefe ko ta huje a gefe ba a yi mata faci, sauyawa ake yi.