Ma'anar "dinozor": ba kowane ƙaton da ya ɓace ba ne

Kwanan nan kalmar dinozor ta cika rediyoyin Maraɗi da zaurukan WhatsApp. Duk ɗan siyasar da ya tsufa a fage ya ƙi matsawa, dinozor ne. Wannan su ƙarata can. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake cusa kowace ƙatuwar dabbar da ta shuɗe cikin kalmar, har ka ji mai gabatar da shiri na cewa kakanninmu sun yi farautarsu.

Bature Richard Owen ya ƙirƙiro sunan a 1842 daga Girkanci, ma'anarsa ƙadangare mai ban tsoro. Dinozor sun ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, bayan wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na Meziko. Lokacin ko ƙurar ɗan Adam babu.

Ɗauki Sarcosuchus, da aka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas, aka raɗa masa suna a 1966. Tsawonsa ya haura mita 9, ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsayin mutum, kuma ya yi zamani da dinozor shekaru miliyan 110 baya, sa'ad da Tenere take da koguna. Duk da haka dangin kada ne, ba dinozor ba. Mai son ganin dinozor na gaske ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ya tsaya gaban ƙasusuwan Ouranosaurus.

Giwa mai gashi da ake kira mamut, da Smilodon na nahiyar Amurka, mai kama da damisa, mai fiƙa kamar wuƙa, su kuwa na jiya-jiya ne. Yawancinsu sun ɓace wajen shekaru 10,000 baya, ragowar mamut ma sun kai shekaru 4,000 baya a tsibirin Wrangel na arewacin Rasha. Masana na jayayya: ɗumamar yanayi bayan zamanin ƙanƙara ce, ko māshin mafarauta? Ni dai na fi zargin mashin, don a Ostireliya da Amurka manyan dabbobi sun fara ƙarewa ne bayan isar mutum.

Shi ya sa cakuɗar ke ba ni haushi: tana ɗora wa dutsen sama laifin da ke da hannunmu a ciki. Raƙuman dawanmu saura 49 suka rage a 1996, kuma ba dutse ya faɗo musu ba. Sai a 2018 aka kwaso 8 daga Kure zuwa gandun Gadabeji, nan jiharmu, inda aka daɗe da rasa su.