Yadda dokar Ingila ke auna gidan kula da tsofaffi

A Ingila, ba mai buɗe gidan kula da tsofaffi ko masu buƙata ta musamman sai ya yi rajista da CQC, wato hukumar da ke sa ido kan ingancin kulawa a asibitoci da gidajen kula da mutane. An kafa ta ƙarƙashin dokar lafiya da kula da jama'a ta 2008, ta fara aiki a Afrilun 2009. Buɗe gida babu rajista laifi ne da ake iya gurfanar da mutum a kansa. Sikotilan da Wels da Ailan ta Arewa kowacce da tata hukumar.

Idan masu bincike suka je gida, tambayoyi biyar suke neman amsarsu: ko mazauna suna cikin aminci, ko kulawar tana amfani, ko ana yi musu da tausayi, ko ana biyan buƙatar kowa yadda take, da kuma yadda shugabanci yake. Daga nan a ba gidan matsayi ɗaya cikin huɗu, daga “fitacce” zuwa “mai kyau”, sai “yana buƙatar gyara”, na ƙarshe “bai isa ba”. Doka ta tilasta a manna wannan matsayi inda kowa zai gani, kuma a sa shi a shafin gidan na intanet.

To amma kada takardar ta ɗauke maka hankali. Duba ranar da aka yi binciken tukuna. Gidan da aka ce “mai kyau” shekara huɗu da suka wuce, ta yiwu manajan ya tafi, rabin ma'aikatan sababbi ne. Bitar da Dakta Penny Dash ta yi wa hukumar a 2024 ta nuna cewa wuraren kulawa da yawa sun daɗe ba a sake leƙa su ba.

Ƙa'idojin da aka fitar a 2014 ƙarƙashin waccan dokar ta 2008 su ne ginshiƙin abin. Ƙa'ida ta 18 ta ce dole a samu isassun ma'aikata masu horo, sai dai ba ta ƙayyade adadi ba. Nan ne gizo ke saƙa. Gida zai iya cewa ma'aikatansa sun isa, alhali da ƙarfe uku na dare mutum biyu ne ke kula da bene guda. Saboda haka tambayi mutum nawa ke kwana a bakin aiki, kuma nawa daga cikinsu na haya ne da ba su san sunan kowa ba. Idan ka kai ziyara, zauna kusa da ɗakin da ƙararrawa ta kaɗa, ka ƙirga mintunan da za a ɗauka kafin wani ya leƙo. Dubi kofin ruwan da ke gefen gado: hannun tsohuwar zai kai gare shi, ko an ajiye shi can kan taga? Ƙa'ida ta 14 kan ci da sha take, kuma a irin wannan ƙaramin abu ake gane ko ana bin ta.

Ƙa'ida ta 20 ta fi burge ni. Ta samo asali ne daga rahoton lauya Robert Francis na 2013 kan abin kunyar sakaci da marasa lafiya da ya faru a asibitin Stafford a Ingila. Idan an yi kuskuren da ya cutar da mazauni, misali an ba shi maganin wani, wajibi ne gidan ya faɗi gaskiya, ya yi bayani, ya ba da haƙuri, sannan ya rubuta shi a takarda. Tun Afrilun 2024 kuma ƙa'ida ta 9A ta ce a bar dangi su riƙa ziyara, sai in akwai dalili mai ƙarfi.

Abin da kan ba iyalai mamaki shi ne CQC ba ta binciken koken mutum ɗaya, ko da yake tana karɓar bayanin ta yi aiki da shi. Ƙorafi yana farawa ne daga gidan, in bai warware ba a kai wa jami'in sauraron koke na ƙananan hukumomi da kula da jama'a. Idan kuwa ana zargin duka ko sakaci, sai a kira sashen kare manya na ƙaramar hukuma nan take, ko 'yan sanda.